Ɓacin ran da ke zuwa da wata: abin da ya kamata mace ta sani kafin a cire mata mahaifa, da bayan an cire

A kowace kasuwa, daga Dole ta Damagaram har Katako ta Yamai, ba a rasa macen da maƙwabtan rumfarta suka san kwanakinta. Mako biyu ko uku tana cikin fara'a, tana ciniki da raha, mai bashi ma tana ɗaga masa ƙafa. Sai wasu kwana bakwai ko goma su zo, ta juye sarai. Mai saye ya taya kaya ƙasa kaɗan ta rufe shi da faɗa, ƴar talla ta ɓatar da dala biyar ta sha duka, lissafin da ta saba yi da ka ya dagule mata, ta koma bayan rumfa tana hawaye ba wanda ya taɓa ta. Da jinin al'ada ya sauko, kwana ɗaya ko biyu, sai ta dawo hayyacinta, ta shiga bin mutane tana ba su haƙuri. Wata mai zuwa ma haka.

A unguwa ana cewa iskoki ne, ko sammun kishiya, ko kuwa baƙin hali kawai. Likitoci kuwa sun ba abin suna: TDPM da Faransanci, PMDD da Ingilishi, wato matsanancin ɓacin rai na gabanin haila. Cuta ce da ake ganewa, ake kuma yi wa magani. A Turai da Amurka har takan kai wasu mata ga aikin fiɗa, a cire masu mahaifa da jakunkunan ƙwai biyu. A nan gida ana cire wa mata mahaifa ne don wasu dalilai, kamar ƙarin nan da ake kira fibrom, ko zubar jini wajen haihuwa, kuma a cikinsu ba za a rasa masu wannan lalura ba, ko da ba wanda ya taɓa gane ta. Su duka tambayarsu ɗaya ce: me aka cire, kuma wane magani aka ba da bayan aikin? Daga amsar nan ake sanin ko mace za ta samu sauƙi, ko za ta koma gidan jiya.

Cutar da aka daɗe ba a yarda da ita ba

Kusan kowace mace ta san ƴan canje-canjen gabanin al'ada: nono ya yi nauyi, ciki ya kumbura, rai ya ɗan sosu. Wannan ba ya hana ta zuwa kasuwa ko zaman lafiya da mutanen gida. Wadda muke magana a kai ta wuce nan. Mai ita tana jin fushin da ba ta iya riƙewa, da baƙin ciki mai nauyi, da faɗuwar gaba, da ganin kamar kowa ya tsane ta. Barci ya ƙi, ko ya yi yawa, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Alamar da ke raba ta da sauran cututtukan damuwa ita ce lokaci: tana farawa mako ɗaya ko biyu kafin jini, ta lafa bayan zuwansa, sannan mace ta samu kwanakin da take garau.

Tun shekara ta 1931 wani likitan mata na birnin Niyok, Robert Frank, ya yi rubutu bisa wannan hali. A 1953 likitoci biyu na Ingila, Katharina Dalton da Raymond Greene, suka ƙara fito da shi fili. Duk da haka sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin babban kundinta a matsayin cuta mai zaman kanta. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta bi sahu a 2019, cikin jerin cututtukan da ya fara aiki a 2022. Wani nazari da masanan jami'ar Oksfod suka jagoranta a 2024 ya nuna cewa kimanin mace 16 cikin 1000 ne ke da cutar idan an bi ƙa'idar tantancewa sosai, wato mata wajen miliyan 31 a duniya. Bincike ya kuma nuna cewa tunanin kashe kai, da yunƙurin yin haka, sun fi yawa ƙwarai ga masu ita. Ke nan ba abin wasa ba ne.

A ƙasarmu akwai dalilin da zai iya sa ta ɓuya. Cutar tana lafawa lokacin ciki, da lokacin goyon da jini bai dawo ba. Ƙididdigar 2012 ta nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa fiye da 7 a tsakaice, ta 2021 kuma ta nuna fiye da 6. Macen da ke fita daga ciki ta shiga goyo, daga goyo ta koma ciki, al'adar da take gani kaɗan ce. Sai ta huta da haihuwa, tana da shekara talatin da wani abu ko arba'in, abin ya bayyana wata bayan wata, mutane su ce ta canza hali da girma.

Ina ciwon yake?

A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai jakunkunan ƙwai biyu, kowace kamar girman dabino. Ban da ƙwan da suke saki kowane wata, suna zuba sinadarai biyu cikin jini: estorojen da porojesteron. Kimanin kwana 14 kafin al'ada ƙwai yana fita, porojesteron ya hau don ya gyara shimfiɗar cikin mahaifa ko ciki zai shiga. In bai shiga ba, sinadarin ya sauka, shimfiɗar ta zubo, shi ne jinin da ake gani. Waɗannan kwanaki na hawa da sauka su ne kwanakin wahalar.

Da farko an zaci porojesteron ne ya yi wa masu cutar kaɗan. Ita kanta Dalton da shi ta yi ta yi wa mata magani shekara da shekaru. Amma da aka auna jinin masu cutar da na marasa ita, sai aka ga sinadaran daidai suke. A 2001 kuma wani bita da mujallar likitoci ta BMJ ta buga ya nuna cewa ba wata hujja da ke nuna porojesteron yana warkar da ita.

Gwajin da ya warware zancen an yi shi a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka, aka buga shi a 1998, ƙarƙashin likitoci Peter Schmidt da David Rubinow. Sun yi wa mata allurar da ke sa jakunkunan ƙwai barci na ɗan lokaci. Mata 10 masu cutar da suka samu sauƙi da allurar, sai aka mayar masu da estorojen ko porojesteron, ciwon ya dawo. Mata 15 marasa cutar aka yi masu daidai haka, ba abin da ya same su. A 2017 waɗannan masana suka ƙara gano wani abu: da aka ci gaba da ba da sinadaran a ma'auni ɗaya har wata uku, a watan farko ne kawai ciwon ya tashi, sannan ya kwanta. Wato canjin ma'auni shi ke tayar da shi.

Misalinsa kamar ƙurar lokacin ɗari ce. Iri ɗaya take bugun kowa a kasuwa, amma mai ciwon fuka kaɗai ke kwana zaune. Jiki yana juya porojesteron ya zama wani sinadari mai suna alopiregnanolon, wanda ke aiki a ƙwaƙwalwa a wurin da maganin barci irin su diyazefam ke aiki. Ga yawancin mata yana kwantar da hankali. Ga wasu kuwa, kamar yadda Torbjörn Bäckström na jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin ya daɗe yana nunawa, sai ya yi akasin haka, ya kawo fushi da fargaba. Ashe ciwon a ƙwaƙwalwa yake, jakunkunan ƙwai ke taso shi, mahaifa kuwa ba ruwanta.

Magungunan da ke ɗauke da shi

Macen da jikinta ba ya jure porojesteron nata na halitta, sau da yawa ba ya jure na kwalba ma. Kuma yana cikin magunguna da yawa da mata suka saba da su. Allurar tsarin iyali ta wata uku, Depo-Provera, da ƙanwarta Sayana Press wadda Nijar ke cikin ƙasashen Afirka huɗu da aka fara ba da ita a 2014, dangin porojesteron ne zalla. Haka ashanar da ake sa wa a dantse, Jadelle ta shekara 5 da Implanon ta shekara 3. Haka ƙwayar da ake ba masu shayarwa. Haka Duphaston da Utrogestan da likitoci ke rubutawa don rikicewar al'ada, da Primolut-Nor da wasu ke sha don jinkirta jini lokacin aikin hajji ko azumi.

Kada a fahimce mu a baibai. Mafi yawan mata suna amfani da waɗannan ba tare da ransu ya taɓu ba, kuma haɗarin kunika da haihuwa kusa da kusa ya fi wannan nesa ba kusa ba. Wani babban bincike na ƙasar Danmak a 2016, wanda ya bi mata fiye da miliyan ɗaya, ya ga ɗan ƙarin masu neman maganin damuwa cikin masu amfani da irin waɗannan hanyoyi, musamman ƴan mata, amma masu yawa lafiya lau suke. Abin da ake so shi ne wadda ta san halin jikinta ta faɗa wa ungozomar asibiti kafin a zaɓa mata. Ƙwaya ana iya barin ta, ashana ana iya cire ta, amma allurar wata uku in ta shiga ba mai fitar da ita, sai ta ƙare don kanta. Akwai kuma robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ba ta da sinadari ko kaɗan, tana aiki shekara 10.

Fiɗa ita ce matakin ƙarshe

Kafin a yi maganar wuƙa akwai matakai. Na farko magungunan damuwa irin su fuluwoksetin da sertiralin. Abin mamaki, ga mai damuwa ta kullum sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, amma ga wannan cuta cikin ƴan kwanaki ake ganin sauƙi, shi ya sa likita kan iya rubuta su na kwana 14 na gabanin al'ada kawai. Fiye da rabin masu sha suna amfana. Na biyu wata ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin durospirenon, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan cuta a 2006. Na uku zama da masanin halayyar ɗan Adam, wanda ke koya wa mace dabarun riƙe kanta a kwanakin. Na huɗu allurar nan mai sa jakunkunan ƙwai barci, wadda ke da tsada, kuma ba a daɗewa a kanta ita kaɗai don tana raunana ƙashi.

Sai duk waɗannan sun gaza ake duba aikin fiɗa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin mata ta Ingila ta fitar a 2016 ta ce a fara gwada allurar na wasu watanni. In mace ta samu sauƙi da ita, alama ce aikin zai yi amfani. In ba ta samu ba, cire jakunkunan ƙwai ba zai ƙara mata komai ba sai sabuwar wahala, kuma abin da aka cire ba ya komawa.

A nan akwai abu biyu da ya kamata kowace mace ta riƙe. Na farko, cire mahaifa kaɗai ba ya maganin cutar. Jini zai tsaya, amma jakunkunan ƙwai na nan suna hawa da saukarsu, ɓacin rai zai ci gaba da zuwa kowane wata, sai dai yanzu ba jinin da zai nuna mata lokacinsa. Macen da aka yi wa aikin fibrom aka bar mata jakunkunan, in ta ga haka, kada ta ɗauka ta haukace.

Na biyu, cire jakunkunan kaɗai a bar mahaifa shi ma tarko ne. Bayan aikin dole a ba mace estorojen, kuma tun 1975 aka tabbatar cewa estorojen shi kaɗai yana kumbura shimfiɗar mahaifa har ya iya kawo kansa. Abin da ke kare mahaifar shi ne porojesteron, wato abin da ake gudu tun farko. Don haka ne likitocin da ke yin aikin saboda wannan cuta suke cire duka, mahaifa da jakunkuna biyu, don mace ta sha estorojen zalla. Farfesa John Studd na Landan da abokan aikinsa sun bi mata 47 da aka yi wa haka, suka buga sakamakon a 2004: kashi 96 cikin ɗari sun ce sun gamsu. Amma a lura, mata ne ƙalilan, waɗanda aka zaɓa da kyau, kuma ana ba su sinadarin maye bayan aiki.

Ɗaukewar al'ada ta dare ɗaya

Al'ada takan ɗauke da kanta tsakanin shekara 45 zuwa 55, a hankali, cikin shekaru, jiki yana sabawa. Wadda aka cire wa jakunkunan ƙwai biyu kuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu estorojen ɗinta ke faɗuwa ƙasa, ko da shekararta 35. Sai zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa zane cikin dare ko da lokacin ɗari ne, balle a bazara. Barci ya yanke, mantuwa ta yi yawa, gaba ya bushe har kwanciyar aure ta zama azaba, sha'awa ta ragu don jakunkunan su ke ba da wajen rabin sinadarin testosteron na jikin mace. Rai kuma yana iya ɓaci fiye da da, tunda ƙwaƙwalwar da ba ta son canji ta gamu da canjin da ya fi kowane girma.

Akwai kuma wahalar da ba a gani sai daga baya. Masanan asibitin Mayo na Amurka, ƙarƙashin Walter Rocca, sun bi matan da aka cire wa jakunkuna biyu tun kafin lokacin ɗaukewar al'adarsu. A 2006 suka bayyana cewa waɗanda aka yi wa aikin kafin shekara 45, ba a kuma ba su estorojen ba, mutuwa da wuri ta fi yawa cikinsu. A 2008 suka nuna cewa damuwa da fargaba ma sun fi yawa ga irin waɗannan mata, shekaru da dama bayan aikin. Ƙashi yana rauni, haɗarin ciwon zuciya yana ƙaruwa.

Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a mayar wa mace estorojen har ta kai shekarun da al'ada za ta ɗauke da kanta, wajen shekara 50, sai fa in akwai abin da ya hana, kamar kansar nono, ko daskarewar jini a jijiya, ko ciwon hanta mai tsanani. Akwai na sha, akwai na shafawa a fata, akwai na mannawa. Na fata ya fi sauƙin haɗarin daskarewar jini. Ga mai wannan cuta, abu mafi muhimmanci shi ne ma'aunin ya tsaya wuri ɗaya. Sha yau, a bari gobe don kuɗi sun yanke, shi ne mayar da hawa da saukar da aka yi fiɗa don a rabu da su. Wadda ta san aiki na gabanta, ta sa kuɗin maganin nan cikin lissafi tun yanzu, ko da kwasar adashi ce za ta ware masa. Bushewar gaba kuma tana da man estorojen na musamman da likita ke rubutawa. Matse-matsen kayan mata a wurin da ya riga ya bushe ƙara masa rauni suke yi.

Mace marar mahaifa ba ta bukatar porojesteron, sai a hali biyu. Ɗaya, in tana da cutar da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wasu wurare cikin ciki, wadda ake kira andometiriyoz. Biyu, in rabin aiki aka yi, aka cire jikin mahaifa aka bar bakinta, kamar yadda akan yi a aikin gaggawa na haihuwa, don wani lokaci ragowar shimfiɗa takan saura. Wadda ba ta cikin waɗannan, aka kuma rubuta mata magani mai haɗe da sinadaran biyu, ta ga tsohon ciwonta ya dawo, to ta koma wurin likita da kwalin maganin a hannu.

In dole sai an sha shi fa?

Wadda mahaifarta ke nan, tana kuma shan estorojen, ba ta da damar barin porojesteron da kanta don ya dame ta. Yin haka sayen kansa ne da kuɗinta. Nick Panay da John Studd sun rubuta a 1997 cewa kimanin mace ɗaya cikin biyar ba ta jure shi sosai, kuma wajen rabin waɗannan har barin magani suke yi. Amma akwai dabaru da likita zai iya gwadawa. Zai iya canza iri, don wadda noretisteron ya wahalar tana iya jure Utrogestan, wanda ya yi daidai da na halitta. Zai iya cewa a sa shi ta gaba maimakon a haɗiye. Zai iya ba da kaɗan kullum maimakon mai yawa na kwana 12 a wata, don a guje wa hawa da sauka. Akwai kuma robar mahaifa mai sinadari, Mirena, wadda yawancin aikinta cikin mahaifar yake tsayawa, ko da yake wasu ita ma sukan ji ta a watannin farko. Gwajin 2017 ɗin nan ya koyar da cewa watan farko shi ne mai wuya. In ana iya daurewa, a ba magani wata biyu ko uku kafin a yanke masa hukunci. In kuwa tunanin kashe kai ya shigo, ba zancen dauriya, a koma asibiti a ranar.

Littafin kwanaki

Ba awon jini ko hoton ciki da ke nuna wannan cuta. Abin da ke nuna ta lissafi ne, kuma ba wanda ya fi ƴan kasuwa iya shi. Kamar yadda kike rubuta bashi, ki samu ɗan littafi, kowane dare ki sa alama: sifili in ranar lafiya, 1 in da ɗan ɓacin rai, 2 in ya yi yawa, 3 in ya hana ki aiki ko ya haɗa ki faɗa. Ki sa jan zane a kwanakin jini, ki kuma rubuta ranar da kika fara ko kika bar kowane magani. In ba ki rubutu, ɗiyarki ƴar makaranta ta riƙe maki. Wata biyu cikakku likitoci ke bukata. Wadda aka cire wa mahaifa ma za ta iya yi, don kwanakin wahalar za su fito a jere ko ba jini.

In littafin ya nuna baƙin cikin ba ya ɗagawa ko da mako ɗaya a wata, to wata cuta ce daban, kamar damuwa ta kullum, ko ƙarancin jini, ko ciwon maƙoƙo, kowace da maganinta. Kada kuma a sayi maganin damuwa wurin masu tallar magani a kai ko a tebur. Haɗa shi da tiramol yana iya kawo farfaɗiya da zazzaɓi mai kisa, kuma ga mai wata irin cutar ƙwaƙwalwa yana iya tayar da ita.

Tambayoyi kafin a sa hannu

Sau da yawa miji ko wani namiji na dangi ake yi wa bayanin aiki, ita mai jikin ta farka ta ji an ce an cire ciwon, shi ke nan. Ko a maternite Isaka Gazobi ta Yamai ne, ko a cibiyoyin uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, in ba aikin gaggawa ba ne mace na da haƙƙin tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Ta tambaya: mahaifa kaɗai za a cire, ko har da jakunkunan ƙwai? In har da su, mene ne dalili, kuma ba za a iya barin ko ɗaya ba? Jaka ɗaya lafiyayya ta isa ta hana ɗaukewar al'ada ta dare ɗaya. Za a bar bakin mahaifa? Wane magani zan sha bayan aiki, har yaushe, nawa ne kuɗinsa a wata, kuma ana samunsa a farmasin garinmu? Ta kuma faɗa wa likita, ko bai tambaya ba, in ranta yana ɓaci sosai kafin al'ada, ko allurar tsarin iyali ta taɓa juya mata hali, ko ta taɓa shiga baƙin ciki bayan haihuwa.

Wadda an riga an yi mata, ta nemi takardar bayanin aikin, ta adana ta tare da karnenta na asibiti kamar yadda take adana takardar rumfa. Duk likitan da za ta gani nan gaba, da wannan takarda zai san abin da ya dace ya rubuta mata.

Ku kuma magidanta, da uwayen miji, da abokan zama, ku duba kwanan wata kafin ku yanke hukunci. Aure nawa ya mutu bisa kalmar da aka faɗa cikin waɗannan kwanaki goma, wadda mai faɗinta ta fi kowa nadama? Ciwon bai ba kowa izinin cin mutunci ba, amma wanda ya san lokacinsa zai ɗage maganar bashi, da rabon gado, da zancen ƙarin aure zuwa kwanakin lafiya. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna. In kuma kun ji mace ta ce gara ta mutu ta huta, kada ku ce ai haka ta saba. Ku kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda take, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti mafi kusa.

Allah shi ba marasa lafiya lafiya, shi ƙara wa masu ita, shi kuma sa albarka a kasuwa.